Taimako: me za mu kira koren nan mai guba da ke tasowa a kan ruwa?

Maman Hanan: Assalamu alaikum. Gobe da safe ina da shirin lafiya a rediyo, kalma ta tsaya mini. Batun gwajin da ake yi ne don a gano ko gubar blue-green algae na nakasa ɗan tayin dabbobi. Ana zuba ƙwan kwaɗo ko na wani ƙaramin kifi mai zane a ruwan da aka sa gubar, bayan kwana 4 a duba ko wutsiya ta lanƙwashe, ko gefen zuciya ya kumbura, ko ƙwan ya ƙi ƙyanƙyashewa. Wasu kuma ɓeraye masu ciki suke ba. Me zan kira abin da Hausa?

Na Zazzau: Wa'alaikumus salam. Gansakuka mana, Hajiya.

Likitan Dabbobi: Gansakuka kaɗai ba ta wadatar ba. Wannan ba tsiro ba ne, bakteriya ce. Takan kwanta a kan tafki kamar an zubar da koren fenti, musamman inda taki ya gangara cikin ruwa kuma ga zafi. Gubarta ce hukumomin Botswana suka ce ta kashe giwaye fiye da 300 a 2020. In kika ce gansakuka kawai, mata za su ɗauka ta jikin randarsu ake nufi.

Malam Baba: Bakteriya kuma? Wannan Hausar wace ƙasa ce? Mun zama malalata, ko me Bature ya faɗa sai mu lanƙwasa harshe mu maimaita. Ni na ce a kira ta tsanwashuɗi. Tsanwa da shuɗi, ga launinta nan a cikin sunanta.

Na Zazzau: Allah ya gafarta Malam, wanda ya ji tsanwashuɗi a rediyo atamfa zai zata.

Malam Baba: Da farko ne. Jirgin sama ma ai wani ne ya fara faɗa. Ku maimaita ta sau goma ku ga in ba ta zauna ba.

Ɗan Damagaram: Kullum haka kuke, ku yanke a Kano da Zariya, mu sai dai mu ji a iska. Shirin nan har nan ana kama shi. Mu ma muna da tafkuna, muna da shanu masu sha.

Malam Baba: Ba wanda ya raina Damagaram. Kawo taka kalmar.

Ɗan Damagaram: Tawa ita ce a ce dafi, a bar guba, tunda abu mai rai ne ke fitar da shi.

Likitan Dabbobi: Dafi na maciji da kunama ne, ta sara ko harbi yake shiga. Abin da aka sha guba ne. Hajiya, ki kula da abu biyu. Gwajin nan a kan kwaɗi, kifi da ɓeraye aka yi, kada mai sauraro ya tashi da cewa an tabbatar tana nakasa jariran mutane. Sannan gubarta da aka fi sani, mai suna maikrosistin, hanta take kamawa, kuma tafasa ruwa ba ya kashe ta. A 1996 ta hallaka masu wankin ƙoda da dama a garin Karuwaru na Brazil. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar wannan guba maikrogiram 1, wato kashi ɗaya cikin miliyan na giram, a kowace lita ta ruwan sha.

Maman Hanan: Na gode ƙwarai. Zan ce gansakuka mai guba, in bayyana tun farko cewa bakteriya ce, ba ta randa ba. Gwajin kuma in ce gwajin nakasar tayi.

Malam Baba: Kalma uku a wurin ɗaya. To, tunda gobe ne, ki yi. Amma ki ambaci tsanwashuɗi ko sau ɗaya, mu ji abin da masu bugo waya za su ce.

Ɗan Damagaram: Maganar dafi ba ta mutu ba, Likita. Zan dawo bayan la'asar.