Muhawara: Ko shirin bincike na intanet ya cancanci dalolin da iyaye ke biya wa ɗan sakandare?

Alhaji, Sabon Gari:
Assalamu alaikum. Ina so malamai da iyayen da ke wannan zaure su auna mini wata magana. Akwai shirye-shirye da ake gudanarwa ta intanet, yawancinsu daga Amurka, waɗanda suke haɗa ɗalibin sakandare da farfesa ko ɗalibin digiri na uku, su riƙa ganawa ta bidiyo lokaci-lokaci na tsawon watanni, yaron ya zaɓi tambaya, ya karanta abin da masana suka rubuta a kanta, daga ƙarshe ya rubuta maƙalar bincike da sunansa. Cikin waɗanda suka yi suna akwai Pioneer Academics da Polygence da Lumiere, kuma kuɗinsu yakan kai dubban daloli. Ra'ayina shi ne, uban da Allah ya hore masa, kuma yake da burin ɗansa ya yi karatu a waje, ba shi da inda zai sa kuɗinsa da ya fi nan amfani, domin makarantunmu haddar amsa suke koya wa yara, ba sa koya musu yin tambaya. 'Yata tana aji biyu na babbar sakandare, kuma niyyar da nake da ita ke nan a hutu mai zuwa.

Malamin kimiyya, Tudun Wada:
Wa alaikumus salam. Ranka ya daɗe, zancen hadda gaskiya ne, mu da muke riƙe da alli mun fi kowa saninsa. Sai dai kalmar “ba shi da inda ya fi” ta yi nauyi. Yaron da zai shiga jami'a a Nijeriya, makinsa na JAMB cikin 400 ake dubawa, da kiredit biyar na WAEC ko NECO har da Turanci da Lissafi, sannan tantancewar da jami'ar take yi da kanta, kuma babu gurbi ko ɗaya a waɗannan matakai da ake liƙa maƙalar bincike. Ko wanda zai fita waje, sakamakon WAEC ɗinsa yana cikin abin da za a fara nema. Yarinyar da take aji biyu watanni kaɗan suka rage mata ta shiga shekarar jarrabawa, saboda haka duk abin da zai ci mata dare uku ko huɗu a mako dole a tambayi daga ina za a ciro lokacinsa.

Dakta, Samaru:
Ina duba aikin ɗaliban jami'a, don haka zan yi magana a kan abin da ake kira bincike shi kansa. Alhaji, a watan Mayu na 2023 kafar labarai ta ProPublica a Amurka ta wallafa dogon rahoto a kan wannan kasuwa. Abin da ta nuna shi ne wasu shirye-shiryen suna da alaƙa da mujallun da suke buga aikin yaran, tantancewar da ake yi a wasunsu ba ta da tsanani, kuma iyaye da yawa ba ilimin suke saye ba, damar rubuta “an wallafa” a takardar neman gurbi suke saye. Wannan ba ya nufin duk shirye-shiryen ɗaya suke. Pioneer, alal misali, tana ba da makin kwaleji ta hannun Kwalejin Oberlin, wanda ke nuna akwai wata makaranta da ta ɗora sunanta a kan ingancin aikin.

Amma abin da yake mayar da yaro mai bincike ba ganin sunansa a mujalla ba ne. Ranar da ya kawo tambaya mai faɗin gaske aka ce ya koma ya ƙuntata ta, ranar da ya kawo shafi biyar aka mayar masa da su cike da gyara, ranar da alƙalumansa suka ƙi goyon bayan abin da yake so ya faɗa aka hana shi murɗe su, a waɗannan ranaku ne yake koyo. Matsalar ita ce jagoran da kamfani yake biya, wanda kuma ya san uba yana jiran ganin takarda, yana da dalilin da zai sa ya sassauta, ko ma ya ɗauke wa yaron mafi wahalar aikin.

Hajiya, Tudun Jukun:
Dakta, na ji bayaninka, amma ni ina tare da Alhaji a wani gefe da ba ku taɓo ba. Idan aka ce yaro ya nemi malamin jami'a a nan gida ya jagorance shi, yawanci ɗa namiji ake nufi, wanda zai hau acaɓa ya tafi Samaru ya tsaya a ƙofar ofis har a ba shi lokaci. Iyaye nawa ne za su bar 'yar shekara 16 ta riƙa zirga-zirga ofishin wanda ba su sani ba? Ta intanet kuwa, yarinya tana zaune a falon gidansu, uwarta tana jin abin da ake faɗa, kuma akwai jadawalin da aka yi alkawari a kai. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga 'ya'yanmu mata.

Ɗalibin jami'a, Kongo:
Iyayena, ku gafarce ni in sa baki. Baba Alhaji, kafin a biya a tambayi lokacin ganawa, domin agogonmu yana gaba da na gabashin Amurka da awa biyar ko shida gwargwadon lokacin shekara, wato ƙarfe huɗu na yammarsu ya zama tara ko goman darenmu, ga batun wuta da data. Sannan tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022, maƙala mai santsin Turanci ta daina zama shaidar cewa yaro ya yi tunani, sai dai idan zai iya kare ta da bakinsa.

Kuma akwai ƙofofin da ba sa cin daloli masu yawa. Shirin binciken lissafi na PRIMES-USA na jami'ar MIT kyauta ne amma na mazauna Amurka ne, sai dai akwai CrowdMath, wanda MIT ɗin da makarantar lissafi ta intanet mai suna Art of Problem Solving suke gudanarwa, inda ɗalibai daga ko'ina suke haɗuwa ta intanet a kan matsalolin lissafi da ba a warware ba. Akwai kuma mujallar Journal of Emerging Investigators, wadda ɗaliban Harvard masu karatun gaba da digiri suka kafa a 2011, tana karɓar aikin 'yan sakandare idan malami ya tsaya musu, masana kuma su duba su aiko da gyara.

Malamin kimiyya, Tudun Wada:
Madalla da wannan, ɗana. Ya kawo ni ga abin da ya fi damuna, wato muna zaune a Zariya muna neman jagoran bincike a ƙetare. Tun 1922 ake binciken noma a Samaru, shekara 40 kafin a buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, kuma daga cibiyar binciken noma ta Samaru ne waken SAMPEA 20-T mai jure tsutsar da ke huda kwasfa ya fito a 2019. Ga cibiyar binciken dabbobi a Shika, ga ta fasahar sinadarai a Basawa. Ɗauki tambaya ɗaya da yarinyar aji biyu za ta iya riƙewa: wake nawa ƙwari suke lalatawa cikin wata uku a buhun da iska ke shiga, idan aka kwatanta da buhu mai leda a ciki wanda aka ɗaure tam? Za ta raba wake iri ɗaya gida biyu, ta maimaita kowane gida sau uku ko huɗu don kada sa'a ta ruɗe ta, ta riƙa ɗibar ƙwaya ɗari duk mako biyu tana ƙirga masu huda, ta auna nauyi a sikeli, ta zana jadawali. A cikin wannan aiki ɗaya ta koyi kwatance da maimaici da adana bayanai da faɗin gaskiya a kan abin da ta gani, kuma kakarta ma za ta fahimci amfaninsa. Jagoran da yake can nesa zai fi karkata ta zuwa taƙaita rubuce-rubucen wasu, saboda shi ne abin da zai iya dubawa ta allon kwamfuta.

Alhaji, Sabon Gari:
Allah ya gafarta Malam, misalinka ya burge ni, amma wa zai yi? Ƙungiyar JETS ta ɗalibai masu sha'awar kimiyya da fasaha, da aka kafa domin irin wannan, a makarantu da yawa sunanta kawai ya rage. Malaman jami'a kuma ɗalibansu ma sun yi musu yawa, ga yajin aikin 2022 da ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Ni ɗan kasuwa ne, na san bambancin alfarma da yarjejeniya: wanda na roƙa zai duba aikin 'yata ranar da ya samu sarari, wanda na biya kuwa dole ya zo ranar da aka sa. Ban da haka, wasiƙar shaida daga farfesan da jami'o'in can suka sani tana da nauyin da ta Samaru ba lallai ta samu ba.

Dakta, Samaru:
Ranka ya daɗe, maganar alfarma da yarjejeniya hujja ce mai ƙarfi, kuma ba zan musa cewa aiki ya yi mana yawa ba. Batun wasiƙa kuwa ban yarda da shi gaba ɗaya ba, domin masu tantance ɗalibai a can sun san ana biyan kuɗi a shiga waɗannan shirye-shirye, kuma wasiƙar malamin da ya ga yarinya tana ƙirga wake mako bayan mako tana ɗauke da bayanin da ba ya samuwa a ganawar bidiyo. Idan ka ƙudurta biya, ka rubuta musu ka tambayi ainihin wanda zai jagorance ta, ko farfesa ne ko ɗalibi, da yawan ganawar da za ta yi ita kaɗai da shi. Ka nemi ganin maƙalun ɗaliban baya, ka kuma tambaya ko suna da tallafi ga ɗaliban Afirka, tunda wasunsu suna ragewa ga masu buƙata. Duk wanda ya yi maka alkawarin wallafawa tun kafin yarinya ta rubuta layi ɗaya, ka riƙe kuɗinka. A nawa ɓangaren, zan iya karɓar yara huɗu ko biyar sau biyu a wata, idan Malam zai riƙe bibiyar aikinsu a makaranta.

Hajiya, Tudun Jukun:
Idan da gaske za a yi, ina da sharaɗi: a cikin makarantar za a riƙa zama, da rana, da malama mace a wurin, kuma a ba iyaye jadawalin a rubuce. Sannan kada a tsaya kan kimiyya kaɗai. Tawa 'yar tarihi take so, kuma ta daɗe tana tambaya a kan ganuwar Zazzau da ƙofofinta.

Dakta, Samaru:
Sharuɗɗanki sun yi daidai, Hajiya. Ga mai son tarihi akwai mujallar The Concord Review, wadda take buga maƙalun tarihi na 'yan sakandare daga ƙasashe daban-daban tun ƙarshen shekarun 1980, kuma zan yi wa wata abokiyar aikina a sashen tarihi magana ko za ta ɗauke ta.

Alhaji, Sabon Gari:
Zan aika musu da tambayoyin Dakta a wannan makon, kuma har yanzu ina ganin idan amsoshin suka gamsar, biyan ya halatta. Duk da haka, Malam, a sa sunan 'yata cikin masu aikin waken, sikeli da buhunan kuma a bar mini.