Muhawara: Kwalliya ce ko buƙata? Hanyar masu tafiya a ƙasa a birnin Kaduna

Ɗan Rigasa: Assalamu alaikum, jama'ar zaure. Jiya da magariba mahaifiyata ta zame ta faɗa kwata tana ƙoƙarin kauce wa keke mai ƙafa uku, domin a layinmu babu inda mai tafiya zai sa ƙafarsa sai kan kwalta ko bakin lambatu. Alhamdu lillahi abin ya tsaya a targaɗe, kuma ban ɗora alhakin faɗuwarta a kan kowa ba. Abin da ya hana ni barci shi ne, tun da aka ƙaddamar da shirin sabunta birnin Kaduna a 2019, an shimfiɗa wa masu tafiya a ƙasa hanya mai kyau a unguwannin da kusan kowane gida ke da mota, mu kuwa da ƙafa ce abin hawanmu muna nan muna gogayya da babura. Duk hanyar da ba ta fara daga inda ake tafiyar ƙasa da gaske ba, a ganina kwalliya ce.

Hajiya ta Unguwar Rimi: Wa alaikumus salam. Allah Ya ba Mama lafiya, Ya sa kaffara ne. Amma ɗana, kalmar kwalliya ba ta dace ba. Ka fito bayan asuba ka ga masu bin gefen titunan nan: masu gadi ne, da 'yan aikin gida, da yara 'yan makaranta, kuma da yawansu daga unguwanni irin taku suke fitowa. Abin da ya raba mutum da tayar mota bai cancanci wannan suna ba.

Baba Mai Ritaya: Hajiya, ai kwalliya ba zagi ba ce a Hausa. Abin tambaya kullum shi ne ko ta biya kuɗin sabulu, kuma sabulun nan bashi aka ci aka saya. A watan Maris na 2024 Gwamna Uba Sani ya faɗa a bainar jama'a cewa ya gaji bashin dala miliyan 587 da naira biliyan 85, ban da kwangiloli 115 da ake bin jihar kuɗinsu. Jikokina ne za su biya, saboda haka ina da haƙƙin kiran abin da sunan da na ga ya dace.

Ɗan Kawo: Baba, tare da girmamawa, wannan maganar siyasa ce. Duk wanda ya san gadar Kawo kafin a sake gina ta, ya kuma gan ta bayan Shugaba Buhari ya buɗe ta a Janairun 2022, ba zai furta kalmar kwalliya ba. Masu wannan magana su ne suka yi murna lokacin da Majalisar Dattawa ta ƙi amincewa da rancen dala miliyan 350 na Bankin Duniya a 2018, aka jinkirta wa jihar aikinta.

Malamar Firamare: Malam, gadar sama ta masu mota ce, mu kuwa maganar ƙafa muke yi. Sannan ba ka san ra'ayin Baba a 2018 ba, bai kamata ka jingina masa murnar da ba ka gani ba.

Injiniya: Ku gafarce ni, ina so in mayar da mu kan tambayar farko, wato daga ina ya kamata a fara. Tubalin intalok da ido ke gani shi ne mafi araha a cikin aikin. Abin da ke cin kuɗi shi ne gina magudanar ruwa da rufe ta, da kawar da turakun lantarki da bututun ruwa, da biyan diyyar katangu da shagunan da suka shigo cikin hanya. Shi ya sa ɗan kwangila ya fi son tsohuwar unguwar Turawa, inda aka bar fili tun asali, a kan unguwar da gidaje suka riga titi zuwa. Ana buƙatar faɗin da ya kusa mita 2 kafin mai keken guragu da mai ɗauke da kaya su wuce juna, kuma amfanin hanyar yana cikin haɗuwarta: ta tashi daga ƙofar makaranta ta kai tasha, ta kai kasuwa da asibiti ba tare da ta yanke ba. Da za a tsara abin a matsayin hanya guda mai rassa, har bakin kogin Kaduna zai shiga ciki, a fara daga lambun Gamji inda tsohuwar gadar ƙafa ta Gwamna Lugga, Baturen mulkin mallaka, take, wadda aka ɗauko daga Zungeru. Saura kuma kuɗin gyara, domin murfin kwata ɗaya da ya karye ya isa ya mayar da mutane kan kwalta. A birnin Denver na Amurka, a 2022, mazauna sun kaɗa ƙuri'ar amincewa da wani kuɗi da masu gidaje za su riƙa biya domin wannan aiki kaɗai.

Baba Mai Ritaya: To kun ji, bayan bashi kuma ga sabon haraji.

Ɗan Kawo: Ni abin da ban gane ba ma, Rigasa ai tana cikin ƙaramar hukumar Igabi ne. Mai ƙorafi ya kai kukansa can, ya daina auna unguwarsa da tsakiyar birni.

Ɗan Rigasa: Wannan magana ta yi mini zafi ƙwarai. Tun 2016 duk wanda ya hau jirgin ƙasa daga Abuja zuwa Kaduna a Rigasa yake sauka, kuma ba wanda ya taɓa ce masa bai iso Kaduna ba. Hukumar kula da babban birnin jihar da aka kafa a 2021 ma ta haɗa sassan Igabi da Chikun da Kaduna ta Arewa da ta Kudu. Ranar zaɓe 'yan birni ne mu, sai ranar rabon aiki ake tuna iyakar ƙaramar hukuma.

Hajiya ta Unguwar Rimi: Ba wanda ya fitar da ku daga birni. Amma ko an yi muku hanyar, masu kasa kaya za su mamaye ta cikin mako guda, kamar yadda suke yi a bakin kasuwanni.

Mai Tebur: Hajiya, ina cikin waɗanda kike nufi, kuma ban yarda da kalmar mamaya ba. Mutumin da aka rushe masa rumfa, kuɗin sabon shago kuma ya fi ƙarfinsa, dole ya nemi inda jama'a ke wucewa ya ajiye teburinsa. Masu motocin da ke hawa kan hanyar su ajiye mota tun safe har yamma, me ya sa ba a kiran nasu mamaya?

Malamar Firamare: Duka biyun suna tura ɗalibaina kan kwalta, sai dai na ga an fi saurin ɗauke tebur a kan ɗauke mota.

Shugaban Zaure: Dare ya yi, bari in tattara abin da aka cim ma. Mafi yawan masu magana sun nuna cewa aikin da aka yi yana da amfani kuma kalmar kwalliya kuskure ce, don haka ya kamata a janye ta. An kuma gane cewa babbar matsalar ita ce rashin ɗa'ar masu kasa kaya, ba tsarin aikin ba. Batun bashi siyasa ne, ba wurinsa ke nan ba. Muna yi wa Mama addu'ar samun sauƙi.

Ɗan Rigasa: Na gode da addu'a, Shugaba, amma mutum biyu ne kawai suka ƙi kalmar, kuma ban janye ta ba. Injiniya, don Allah ka rubuto mini yadda ake auna faɗin layi da tsawon kwata. Ranar Asabar ni da matasan layinmu za mu auna daga makarantar firamare zuwa Bakin Ruwa, mu ƙirga wuraren da ba su da murfi, mu kai wa mai unguwa a rubuce.