Modem ɗin Huawei ya ƙi aiki a Ubuntu, faifan CD kawai yake nunawa

Sagir_KD:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Laftof ce mai Ubuntu 22.04, modem kuma Huawei E3372 na USB. In an soka shi fitilarsa tana ƙiftawa, amma babu intanet, sai wani faifan CD ya bayyana ɗauke da fayilolin Windows. Na buga lsusb, umarnin da ke jera na'urorin USB da aka soka, ya ba ni 12d1:1f01. Daga ina matsalar take?

Injiniya Bala:
Wa alaikumus salam Malam Sagir. Modem ɗinka lafiya lau yake. Irin waɗannan fuska biyu gare su: da farko sukan fito a matsayin faifai don Windows ta ɗauki direba, daga nan direbar ta juya su zuwa modem. A Linux, wato tsarin da Ubuntu ke cikinsa, manhajar usb_modeswitch ce ke wannan juyin. Lambar 12d1 ta kamfanin Huawei ce, 1f01 kuwa tana nufin har yanzu yana fuskar faifai.

Haɗa laftof ɗin da intanet ɗin wayarka tukuna, ka buga:

sudo apt install usb-modeswitch usb-modeswitch-data

Ka zare modem, ka sake sokawa, ka ba shi kamar daƙiƙa 20. In bai juya da kansa ba, tilasta masa:

sudo usb_modeswitch -v 12d1 -p 1f01 -J

Sake duba lsusb. In ka ga 14dc ko 14db a madadin 1f01, ya juya. In kuma kullum sai ka yi da hannu, leƙa /etc/usb_modeswitch.conf ka tabbatar DisableSwitching yana kan 0.

Hajiya Rabi:
Ƙari kan bayanin Injiniya, don a nan mutane ke ɓata yini guda a banza. E3372 iri biyu ne. Mai 1f01 shi ne HiLink, kuma bayan ya juya ba zai fito a jerin modem ba sam. Kwamfuta za ta ɗauke shi kamar an soka mata kebul ɗin intanet, da direbar cdc_ether. Saboda haka in mmcli -L, umarnin da ke jera modem, ya ce babu modem, kada hankalinka ya tashi. Buɗe burauza ka shiga 192.168.8.1, can ake sa PIN da APN, wato adireshin shiga intanet na kamfanin layinka.

Ɗaya irin, mai fara nuna 12d1:14fe ya koma 1506, shi ne ke buƙatar ModemManager, manhajar da ke sarrafa modem a Linux, kuma za ka ga ttyUSB0 a dmesg, umarnin da ke nuna saƙonnin tsarin kwamfuta. Shi ake yi wa:

nmcli connection add type gsm ifname "*" con-name layi apn web.gprs.mtnnigeria.net

Wannan APN na MTN Najeriya ne, kowa ya sa na layinsa.

Sagir_KD:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Ya koma 14dc, intanet ya zo. Sai dai yana yankewa bayan 'yan mintuna, musamman in an fara sauke babban fayil.

Injiniya Bala:
Wannan galibi wuta ce, ba manhaja ba. Ramin USB 2.0 miliamfiya 500 yake bayarwa, na 3.0 kuwa 900, kuma modem ɗin 4G yakan ja wuta sosai in sabis ya yi rauni. Bar sudo dmesg -w a buɗe. In ka ga USB disconnect daidai lokacin yankewar, to shi ne. Mayar da shi ramin 3.0, mai shuɗin ciki, kai tsaye ba ta doguwar waya ba. In akwai manhajar TLP a laftof ɗin, takan sa ramukan barci don tattalin batir, sai ka sa USB_AUTOSUSPEND=0 a /etc/tlp.conf ka sake kunna laftof ɗin.