Masu aikin taswira a agajin gaggawa, yaya aikin yake a zahiri?

Sabuwar Ɗauka: Salamu alaikum. Na karanta labarin ƙasa a jami'a, na iya QGIS, manhajar zana taswira, daidai gwargwado. Yanzu an kira ni aiki a sashen taswira na wata hukumar agajin gaggawa. Waɗanda suka riga ni shiga, don Allah me mutum yake yi daga safe zuwa yamma?

Tsohon Hannu: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Shekarata tara a ciki. Idan kina zaton kullum jiniya ce da gudu, ki sauke wannan tunanin. Yawancin kwanaki gyaran bayanai ne: titin da aka canja wa suna, famfon 'yan kwana-kwana da aka shafe da kwalta, gadar da ba ta ɗaukar babbar mota, adireshi ɗaya da aka rubuta iri uku. Aiki ne mai gundura, amma ranar da abu ya faru babu lokacin gyara, abin da kika tanada shi za a hau.

Kuskuren da ba na mantawa, an karanto min lambobin wuri na taswira ta rediyo, digiri kaza da minti 30, ni kuma na buga ɗigo 30. Minti 30 rabin digiri ne, wato ɗigo 50. Digiri ɗaya na latitud kusan kilomita 111 ne, sai ga shi na tura mutane wajen kilomita 22 daga inda ake jiransu. Allah ya rufa asiri, direban ya san yankin, ya kira ya ce babu kogi a inda na nuna. Tun daga ranar nake sa mai magana ya maimaita, ni ma in maimaita masa. Idan kuma kika ga ɗigon wuraren da kika sa a taswira sun taru a tsakiyar teku kudu da Gana, ba wani abu ba ne, gurbin lambobin ne babu komai, manhaja ta ɗauke su sifili da sifili.

Direban Ambulan: Ni ba na zana taswira, amma ni nake cin kwakwarta. Hanyar da kwamfuta ta ce ta fi kusa ba lallai ita ta fi sauri ba. An taɓa bi da ni ta wani titi da aka datse da ƙofar ƙarfe, ga mai naƙuda a baya. Roƙona, Malama, ki riƙa buga mana a takarda, shafi ɗaya, manyan haruffa, kala biyu ko uku. Sabis yana ɗaukewa daidai lokacin da aka fi bukatarsa.

Mai Hoton Sama: Ɓangarena ambaliya. Matsalar ita ce lokacin da ruwa ya ci gari, sama ma a rufe take, hoton tauraron ɗan Adam na Sentinel-2 gajimare kawai zai nuna miki. Sai a koma Sentinel-1, wanda Turai ta fara harbawa a 2014. Shi rada yake amfani da ita, na'urar da take aika sigina ƙasa ta auna wanda ya dawo, tana ratsa gajimare, dare da rana, kuma hotunan kyauta ne. Ruwa kwantacce yana fitowa baƙi. To amma duk abu mai santsi haka yake fitowa. A makona na farko na shafa wa titin saukar jirgi shuɗi na ce ruwa ya cinye shi, har yau ana tsokanata. Dole ki ajiye hoton kafin ruwa kusa da na bayan ruwa. Cikin gari mai cunkoson gine-gine kuwa radar tana ruɗewa, sai kin kira wanda ƙafarsa take cikin ruwan.

Abin da ba a gaya min ba shi ne nauyin zuciya. Wata rana ina ƙirga ɗigo, sai na tuna kowane ɗaya gida ne da aka kira neman ceto. Kuma ki kula da wanda kike tura wa fayil, adireshin marasa lafiya amana ne.

Ɗan Sa-kai: Ni ta OpenStreetMap na shigo, taswirar intanet da kowa zai iya ƙara wa bayani. Bayan girgizar ƙasar Haiti ta Janairun 2010, 'yan sa-kai daga ƙasashe da dama suka zana taswirar titunan Port-au-Prince, babban birnin ƙasar, daga hotunan tauraron ɗan Adam cikin 'yan kwanaki, masu ceto suka yi aiki da ita. Ni sai a ta Nepal, 2015, na fara zana rufin gidaje da dare. Abin da na nuna ke nan a ganawar ɗaukar aiki.

Sabuwar Ɗauka: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Harshen kwamfuta na Python zan fara koya ko me?

Tsohon Hannu: Fara da SQL, harshen zaƙulo bayanai daga rumbun kwamfuta, don bayanan a rumbu suke zaune, Python ya biyo baya. Kafin nan ki nemi izini ki zauna mako guda a ɗakin karɓar kira, ki ji yadda mutum a firgice yake kwatanta gidansa.

Direban Ambulan: In an bar ki, ki shigo motar ma. Akwai kujera a gaba.