Wace kalmar Hausa za mu ba "autoscale"?

Malamin fiziks, Tudun Wada: Assalamu alaikum. Ni da wasu ɗalibai biyu daga Samaru muna haɗa 'yar manhajar koyar da lantarki da Hausa, irin tsarin PhET da Carl Wieman ya kafa a Jami'ar Colorado a 2002. Yaro zai sauya batir ko rizisto (abin da ke rage yawan lantarkin da ke bin waya), giraf ya zanu a gabansa. To akwai maɓalli ɗaya da ya tsaya mana a wuya, wanda Turawa ke rubuta wa "autoscale". Aikinsa shi ne manhaja ta dubi ƙaramar lamba da babbar lambar da gwaji ya bayar, ta zaɓi tazarar lambobin gefen giraf da kanta, galibi 1, 2 ko 5, ko ninkinsu goma-goma, don zanen ya cika allo kuma kada ya ɓalle waje. Me za mu kira shi?

Ɗalibar kwamfuta, Samaru: Wa alaikumus salam Malam. "Daidaita sikeli ta atomatik" bai yi ba?

Tsohon mai fassara, cikin Birni: 'Yata, sikeli ai na mahauta ne da masu auna kaya a kasuwar Sabon Gari. Kina faɗa, nauyi ne zai zo wa yaro a rai. Ma'auni ya fi faɗi, ya ɗauki tsawo, ya ɗauki zafi, ya ɗauki lantarki. Kada kuma wani ya kawo "kai tsaye", rediyo ta riga ta mallake shi.

Malamin fiziks: Allah ya gafarta Malam, ma'auni ya zauna. Mun taɓa gwada "Daidaita da kanka" a kan maɓallin, sai yara suka ɗauka su ake umarta, suka kama shigar da lambobi da hannu.

Amma ga abin da ya fi damuna. Makon jiya na sa batir mai volt 6 da rizisto mai om 10 (om shi ne ma'aunin ƙarfin rizisto), lantarkin da ya bi ya kai amfiya 0.6. Na sauya zuwa om 100, ya faɗo 0.06. Kamata ya yi layin ya kusa kwantawa ƙasa. Ina! Manhaja ta yi wuf ta matse lambobin gefe, layi ya fito da gangare iri ɗaya sak da na farko. Wani yaro a bencin baya ya ce, "Malam, ashe rizisto ba ya komai." Kuma ban ga laifinsa ba, abin da idonsa ya gani ya faɗa. Wa ke duban ƙananan lambobin gefe alhali layi na motsi? Shi ya sa nake son sunan da zai tona cewa ma'aunin ne ya motsa.

Malamar lissafi, Kongo: Ni da manhajar lissafi ta GeoGebra nake aiki, kuma a aji "ma'auni mai roba" nake ce musu. Kamar wando mai roba ne: ka rame ya kama ka, ka yi ƙiba ya kama ka, ba zai taɓa gaya maka jikinka ya sauya ba. Mai tazuge kuwa sai ka kwance ka sake ɗauri, a nan za ka sani.

Ɗalibar kwamfuta: Anti, wallahi wannan ta fi tawa. Sai dai roba a manhajar makaranta, ba za a ce wasa muke ba?

Tsohon mai fassara: Ba wasa ba ne, amma maɓalli umarni yake so. Ku yi su biyu: "Kafe ma'auni" da "Saki ma'auni". Sunayensu kafaffen ma'auni da sakakken ma'auni. Na san masu tsiya za su tuna zawarci, su yi dariyarsu kwana biyu su gaji. Robar Malama kuwa a bar wa bakin malami lokacin bayani.

Malamin fiziks: Na karɓa, Allah ya saka da alheri. Mun kuma yanke cewa manhaja za ta riƙa buɗewa da kafaffen ma'auni. In layi ya fita allo, yaro ne zai danna "Saki ma'auni" da hannunsa, lambobin gefe su koma ja na ɗan lokaci, tsohon layin ya tsaya dishi-dishi a baya don a kwatanta. Ranar Litinin zan sake gwajin om 10 da om 100, kuma yaron bencin bayan nan ne zai riƙe linzamin kwamfutar.