Me ya sa gwanayen gudun ƙarshe ke cin zango amma ba sa ɗaukar gasar tseren keke ta Tour de France?

Sabon_Shiga:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Mark Cavendish ya ci zango 35 (zango shi ne tseren rana guda) a Tour de France, ya wuce Eddy Merckx mai 34, amma bai taɓa lashe gasar ba. Ina matsalar take? Kuma me ake nema ga mai wannan sana'a?

Mai_Feda:
Wa alaikumus salam. Jikin ne ya bambanta. Mai gudun ƙarshe, wato wanda ke fizgar keke dab da layin gama tsere, tsokarsa ta fizga ce, yana iya zuba ƙarfin da ya haura wat 1,200 na daƙiƙa goma zuwa goma sha biyar, gudu ya kai kilomita 70 a awa. Amma nauyin tsokar nan kaya ne a kan dutse, gasar kuwa da jimillar lokaci ake cinta. Ranar hawa, burinsa kawai ya iso kafin wa'adi ya cika, wanda ake lissafawa da kaso na lokacin wanda ya zo na ɗaya. Shi ya sa suke haɗa ayari a baya suna tafiya tare. A 2018 wa'adin ya fitar da Cavendish da Marcel Kittel a rana guda.

Giya54:
Ƙari a kan bayanin Malam Mai_Feda: gudun kansa ba shi ne mai wuya ba, isowa mita 200 na ƙarshe da sauran ƙarfi shi ne aikin. Wanda ya fake a bayan wani yana rage wahalar iska da kusan kashi ɗaya cikin uku. Don haka ƙungiya ke jera masu share wa mai gudun ƙarshe hanya, kowa ya ja iya ƙarfinsa ya kauce, na ƙarshe ya sake shi wajen mita 200. Aikin da Mark Renshaw ya yi wa Cavendish shekaru ke nan. In ya fito da wuri, musamman iska na bugun fuska, ƙafa ta mutu kafin layi. In ya makara, a rufe shi jikin shinge. Giya kuma, galibi haƙori 54 ne a gaba, 11 a baya, kuma a sa ta tun kafin a miƙe, domin canji ana tsaka da taka feda na iya sa sarƙa ta zame.

Alƙalin_Layi:
Kada a manta da doka. Da zarar ka fara fizga, ba ka da ikon karkata ka tare wani, in ka yi a mayar da kai bayan ayari. A Polan a 2020, Dylan Groenewegen ya matse Fabio Jakobsen jikin shinge, Jakobsen ya ji mummunan rauni, shi kuma Groenewegen aka dakatar da shi wata tara.

Mai_Feda:
Haka ne. Nasu kambin, masu gudun ƙarshe, shi ne koriyar rigar da ake ba wanda ya fi tara maki a Tour de France. Peter Sagan ya ɗauke ta sau 7, Biniam Girmay na Eritriya kuma ya ɗauka a 2024 bayan ya ci zango uku.