Ɗaga Hilux don hanyoyin Mambila: sifirin za a sauya ko taya?

Na-Gembu:

Assalamu alaikum. Ina da Toyota Hilux ƙirar 2012 mai gida biyu, mai jan ƙafa huɗu, wadda nake dakon taki da masara da ita tsakanin Gembu, Nguroje da ƙauyukan da ke bayansu a kan tsaunin Mambila. Da zarar damina ta zauna, manyan motoci sukan haƙa kwari biyu a cikin jar laka su bar tudu a tsakiya, sai cikin motata ya hau tudun ya zauna, tayoyi suna ta juyawa a banza. Idan kuma na yi lodi, bayanta yakan durƙusa har ina jin aksul yana dukan robar da ke jikin shasi a duk ramin da na faɗa. Wani bakanike ya ce a saka zoben ƙarfe a saman shokazoba na gaba, a cusa bulon ƙarfe tsakanin sifirin da aksul a baya, a ƙara falle biyu a kowane gefe, motar ta tashi da inci huɗu. Kafin in ba da kuɗina, ina neman shawarar waɗanda suka san aikin: shin wannan zai magance matsalar, ko wata zai jawo mini?

Mai Gareji:

Wa alaikumus salam, Malam. Matsaloli biyu ka kawo, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Durƙusawar baya aikin sifirin ne, amma zaman ciki a kan tudu yawanci aikin taya ne, kuma a nan ne masu motoci da yawa suke zubar da kuɗi. Leƙa ƙarƙashin motarka ta baya, za ka ga abin da ya fi kusa da ƙasa shi ne tulun giyar da ke tsakiyar aksul. Aksul ɗin yana zaune ne a kan tayoyi, sifirin kuma yana samansa, saboda haka ko kamu guda ka ɗaga bodin, tulun nan yana inda yake, kuma shi ne zai fara noman tudun. Abin da ɗagawa ke ƙara maka shi ne tazarar shasi da tankin mai da tsakiyar mota daga ƙasa, da kuma sararin da taya mafi tsawo za ta samu.

Game da inci huɗu kuwa, ban goyi baya ba. Tsofaffin Hilux masu jan ƙafa huɗu, irin waɗanda aka ƙera har zuwa 1997, suna da aksul ɗaya miƙaƙƙe a gaba a kan sifirin mai falle, shi ya sa suke jure ɗagawa mai yawa. Taka ba haka take ba. Kowace tayar gaba tana da hannuwanta biyu, na sama da na ƙasa, da shokazoba a cikin sifirin mai naɗi, kuma shaf ne yake kai mata ƙarfi daga giyar da ke maƙale a jikin shasi. Duk milimitar da ka ɗaga gaban, kana ƙara karkatar da shaf ɗin nan ne. Idan ya wuce milimita 50, wato inci biyu, robar da ke rufe gaɓarsa takan tsage, giris ya zube, laka ta shiga, sai ka fara jin ƙas-ƙas duk lokacin da ka karya sitiyari. Boljoyin na hannun sama, wato gaɓar da ta haɗa hannun da ƙafar motar, shi ma yakan kai ƙarshen lanƙwasarsa, kuma idan ya tsinke a gangare, taya ce za ta kwanta a ƙarƙashin mota. Masu wuce wannan iyaka sai sun sauya hannuwan saman, sun kuma sauko da giyar gaba, wanda kuɗi ne mai yawa.

Zoben ƙarfen da aka ce maka ba ya ƙara wa sifirin komai, tura shi ƙasa kawai yake yi, sai motar ta yi tsawo a ido alhali tafiyar shokazoba tana nan yadda take. Bulon baya ya fi shi illa ga mai lodi, domin yana nisanta aksul daga sifirin, sai aksul ya riƙa murɗe sifirin duk lokacin da ka taka totur a hawa, ƙarafan da suka ɗaure su kuma su sassauta. Shawarata ita ce ka sayi cikakken saiti na milimita 40 zuwa 50, sifirin da shokazoba waɗanda aka ƙera su tafi tare. Kamfanonin Old Man Emu, Ironman 4x4 da Dobinsons, dukkansu na Ostareliya, suna yin na wannan ƙirar, kuma suna rarraba sifirin na baya bisa nauyin da yake zaune a motar kullum. Idan ba ka samu a kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ko ta Ladipo a Legas ba, a yi maka oda, amma ka duba lambar da ke jikin kayan, domin jabu ya yi yawa.

Ɗan Agadas:

Na yarda da Mai Gareji a kan gaba, amma ina da ja a kan baya. A wajenmu, motocin da ke bin hanyar Dirku da Bilma a hamadar Nijar, Hilux ne ko Land Cruiser, ba kowa ne yake da kuɗin kayan Ostareliya ba, kuma ƙarin falle ɗaya mai tsawo a ƙarƙashin babban falle yana aiki sosai idan na asali aka samu, aka kuma sauya ƙarafan ɗaurin da sababbi. Abin da ke ɓata aikin shi ne zari. Wanda ya ƙara falle uku ko huɗu ya mayar da bayan motarsa kamar amalanke, duk dukan da hanya ta yi shasi ne yake sha, kuma na ga shasin da ya tsage a daidai inda gida ya haɗu da bodin baya saboda wannan. Gajerun falle da ake yankowa daga sifirin babbar mota su ne mafi muni, domin suna tara nauyi a wuri ɗaya har babban fallen ya karye.

Abin da nake so Malam ya fi kashe wa kuɗi shi ne shokazoba. A kan gargada, shokazoba yana hawa da sauka ba hutawa, man da ke cikinsa ya yi zafi ya yi kumfa, daga nan sai motar ta fara tsalle tana zamewa gefe ko da sifirin sabo ne. Ka tsaya bayan doguwar tafiya a burji ka kai hannu kusa da shi, za ka ji zafin da yake fitarwa. Mai faɗin ciki, wanda aka matse da iskar gas, ya fi jure wannan. Kuma dole tsawonsa ya dace da sabon sifirin, domin idan gajere ne shi zai riƙa riƙe nauyin aksul duk lokacin da taya ta faɗa rami, har kunnensa ya cire.

Kada kuma a raina iskar taya. Mu a rairayi mukan sauke ta zuwa wajen bar 1.2 ko 1.4 a ma'aunin iskar taya, taya ta shimfiɗu, motar da ta kafe ta fita da kanta. A laka ma rage iska kaɗan yana taimakawa, sai dai mai lodi ya yi a hankali, ya kuma mayar da ita kafin ya hau kwalta, in ba haka ba gefen tayar zai yi zafi ya fashe. Famfon iska mai aiki da batir ya kamata ya zauna a motar.

Injiniya Z.:

Malam Na-Gembu, akwai abin da ba a taɓa ba, kuma a ƙasarku shi ya fi kowanne haɗari, wato birki da karkata. Idan motarka ba ta da ABS, wato na'urar da ke hana taya ƙullewa idan an taka birki, to akwai wani bawul a jikin shasi ta baya, wanda siririn ƙarfe ya haɗa shi da aksul. Aikinsa shi ne auna yadda bayan motar ya durƙusa: idan ta ɗauki kaya sai ya ƙara wa birkin baya ƙarfi, idan babu kaya ya rage don kada tayoyin baya su ƙulle. Da zarar ka ɗaga bayan ba tare da an ɗaga maƙalin ƙarfen nan daidai da tsawon da aka ƙara ba, bawul ɗin zai ɗauka motar fanko ce ko da buhuna sun cika ta, sai birkin gaba ya ɗauki kusan dukkan aikin. Wanda ya san gangaren da ake saukowa daga tsaunin Mambila zuwa Mayo-Selbe ya san abin da zafin birkin gaba yake nufi a wannan wuri. Gyaran ƙaramin ƙarfe ne da noti biyu, amma makanikai da yawa ba sa kula da shi. A duba tiyon birkin baya ma, a ɗaga motar da jak har tayoyi su rataya, a tabbatar bai miƙe ya yi tauri ba.

Na biyu, duk motar da aka ɗaga ta ƙara saurin kifewa, musamman idan an jera buhuna sun wuce bakin bodi sannan taya ɗaya ta faɗa kwari a gefen tudu. Sabon sifirin kuma ba ya ƙara nauyin da Toyota ta ƙayyade wa motar, domin aksul da boris da birki suna nan yadda suke. Adadin yana rubuce a farantin da ke jikin motar. Hilux mai gida biyu ba ta wuce ɗaukar kimanin tan ɗaya, kuma a cikin wannan lissafin har da direba da fasinjoji. Buhun taki kilo 50 ne, saboda haka buhu 20 kaɗai sun cinye tan ɗin tun kafin kowa ya shiga.

Na-Gembu:

Allah ya saka muku da alheri. Tawa ba ta da ABS, kuma na leƙa na ga ƙarfen da Injiniya ya faɗa. Tayar da ke kai yanzu 265/65R17 ce. Wace zan koma, kuma da me zan fara tun da kuɗin ba zai isa a yi komai a lokaci ɗaya ba?

Mai Gareji:

Tsawon tayarka daga ƙasa zuwa sama milimita 776 ne. Idan ka koma 265/70R17 zai zama 803, wato tulun baya ya tashi da milimita 13 kawai, domin rabin ƙarin ne yake zuwa ƙarƙashin aksul. Ba shi da yawa, amma shi ne ƙarin gaskiya, kuma idan ka haɗa shi da zane mai manyan haƙora irin na laka, za ka ga bambanci. Idan kana iya samun rim mai inci 16 da ya shiga ba tare da ya taɓa birki ba, 235/85R16 tana da kusan wannan tsawon kuma siririya ce, tana yanka laka ta tarar da ƙasa mai ƙarfi, ba ta kuma cika gogar bodi ba idan an karya sitiyari. Ka nemi mai alamar LT, wadda gefenta ya fi kauri. Ka sani cewa agogon gudu zai riƙa nuna ƙasa da gudunka da kashi 3 cikin 100 ko ɗan fiye, jan motar a hawa zai ɗan ragu, shan mai ya ɗan ƙaru.

Ka fara da sifirin baya da shokazobansa da sababbin bushin, a gyara bawul ɗin birki a ranar. Taya ta biyo baya, gaba ya zo ƙarshe, kuma ranar da aka taɓa gaban a kai ta a daidaita ƙafafu da na'ura, in ba haka ba sabuwar taya za ta cinye ta gefe ɗaya. Kada a ɗaure notin bushin sosai sai an sauke motar ta tsaya a kan tayoyinta, sannan bayan tafiyar kilomita 500 ka koma a sake ɗaure ƙarafan da suka riƙe sifirin da aksul, domin sabon falle yakan zauna ya bar su sakwa-sakwa.